Yadda Na Sauke Wasiyyar Inna

A ƙarshen Disambar 2022, ana tsakiyar hunturu, Inna ta aiki jikarta ta kirawo ni, sannan ta ce in biya in taho da Liman da mai unguwa. Mun same ta a kishingiɗe kusa da kaskon wuta, muryarta ta yi ƙasa amma hankalinta garau. Bayan an gaisa ta dubi Liman ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ku shaida. Gonata ta bakin fadama, wadda na saya da kuɗin ƙuli, ba ta shiga rabo ba. Ta rumbu ce. A noma ta, a zuba a rumbu, a ci gaba da abin da ake yi. Yaron nan shi zai tsaya a kai." Yaron nan ni ne, mai shekara hamsin da 'yan kai da furfura a gemu, kuma ni ta zaɓa ta bar Yaya saboda ni ne malamin makaranta, wanda a ganinta ba ya tsoron takarda. Liman ya maimaita maganar, ta ce haka ne, aka shafa fatiha. Babu wanda ya tambaye ta mene ne "abin da ake yi", domin kowannenmu yana ganin ya sani. Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim a jihar Jigawa, kuma babbar kasuwarmu ita ce Gujungu, wadda take ci ranar Lahadi. Rumbun da Inna take nufi wani ɗan rumbun laka ne a bayan ɗakinta, dabam da na gandu. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ce asalinsa farin 1973 ne, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Wata maƙwabciya mijinta ya tafi cirani bai dawo ba, sai Inna ta riƙa ɗibar cikin tafi ɗaya daga duk awon da aka ba ta na girki tana zubawa a wata tukunya, ranar da ta cika ta aika mata. Fari ya wuce, tukunyar ba ta daina cika ba, har ta zama rumbu. Daga baya ta gaji ungozomanci a wajen kakarmu, kuma duk hatsin da aka ba ta ranar suna rumbun yake shiga, sabulun kuwa yakan koma gidan wata mai jegon da ba ta da shi. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwanni uku, ba a raba adakarta da alawayyo da kafur, kuma ni kaina na ga yadda ta yi makonni ba ta kwana a ɗakinta ba lokacin annobar sanƙarau ta 1996.

Sa'ad da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, jita-jitar ta iso mu kamar yadda ta isa ko'ina, kuma ko bayan an ci gaba da aikin a 2004 magidanta da yawa sun ƙi buɗe ƙofa. Inna ta fara da jikokinta, aka ɗiga musu a zaure a gaban mutane, sannan ta shiga gaban ma'aikatan gida gida, har mata suna zolayarta cewa Inna ta fito yaƙar Inna. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, wato Na Gari Na Kowa, suka soma aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a asibitin Jahun a 2008, ita ce take lallashin mazan da ke jan ƙafa, ita ce take sanin direban da za a tasa da tsakar dare, kuma sau da yawa daga ƙullin bakin zaninta kuɗin mai yake fita. Duk wannan mun sani, har muna alfahari da shi. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda take yi, kuma wannan ne ya kusa kayar da ni.

Bayan sadakar bakwai Liman ya tara mu, mu biyar, maza biyu da mata uku, ya ce dukiyar mamaci tana da tsari wanda ba a tsallake shi: a fara da abin da aka kashe a jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sai abin da ya rage ya zama gado. Amma kafin duk waɗannan, in ji shi, a ware abin da ba nata ba ne, domin amana ba ta shiga dukiyar mamaci ko da a ƙarƙashin matashinsa aka same ta. Na ɗauka magana ce ta cika ƙa'ida kawai, sai da Goggo ta buɗe adaka. A ƙarƙashin alawayyon akwai ƙulli 31, kowanne a cikin ƙyallen atamfa dabam, kowanne da kuɗi da 'yar takarda mai lamba, amma babu suna ko ɗaya. Inna ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, lokacin muna cikin jihar Kano. Ta koyi lambobi sarai, ta bar haruffa, domin a cewarta sunan mutum ba ya ɓace mata, lissafi ne yake ɓacewa.

Na ce a yi sanarwa a masallaci, duk mai ajiya ta aiko. Goggo ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce rabin matan nan mazansu ba su san suna da ko kwabo ba: wata tana tara na kayan ɗakin 'yarta, wata na ranar da za a sake ta, wata na likkafaninta. Idan aka yi shela, amanar ta tonu ke nan ko da kuɗin sun koma cif. Saboda haka aka kira Iya, aminiyar Inna kuma uwar adashin unguwarmu, suka shimfiɗa tabarma su biyu suna juya ƙyallaye. Wannan ankon bikin gidan wane ne, mata shida suka yi shi, amma mai ɗinki da baƙin zare guda ɗaya ce. Wancan zanen goyo ne, an san wadda ta goya da shi. A cikin kwana huɗu suka gane 29, kuma kowace sai an tambaye ta a keɓe nawa ta ajiye, in ta faɗi abin da ya dace da lambar sannan a tabbatar nata ne. Ko ɗaya ba a samu saɓani ba.

Sai dai kuɗin duka tsofaffin takardu ne, kuma Babban Banki ya sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar da tsofaffin 200 da 500 da 1000 za su daina aiki. Mayar wa macen da ke cikin kulle, wadda ba ta da asusun banki, tsohon kuɗi ana saura mako biyu ya mutu, ba mayar da amana ba ne, sauke wa kai nauyi ne kawai. Da shawarar Liman na rubuta jimillar a gaban shaidu biyu, na kai banki a birni, na yi yini biyu a layi kafin na zuba su a asusuna. Zubawar ce mai sauƙi. Sababbin takardun suka ƙi samuwa, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, masu POS suka riƙa cire abin da suka ga dama, ni kuwa ina kwana ina tashi da kuɗin mata 31 a cikin waya. Mu magada muka ɗauki ladan cirewar a kanmu, na riƙa samo dubu biyar yau, dubu uku jibi, Iya tana kaiwa. Ana cikin haka Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin suna nan da ransu har ƙarshen shekara. Da mun bar su a ƙullinsu da ba mu sha wannan wahala ba, amma wa ya san gobe? Daga cikin ƙulli biyun da suka rage, ɗaya an gano mai shi bayan wata uku, wata ce da aurenta ya mutu ta koma wajen iyayenta a ƙasar Gumel. Ɗayan, mai ƙyalle shuɗi da zanen ganye, babu wadda ta san shi.

Bashin da ake bin ta bai ba mu wuya ba. Wani mai sayar da yadi a Gujungu yana bin ta kuɗin alawayyo turmi biyu, ya ce ya yafe, Yaya ya ce a'a, a biya, in ya so ya yi sadakarsa da hannunsa. Wanda take bin mutane kuwa, Goggo ta shaida cewa Inna takan ce wanda ya kawo a karɓa, wanda bai kawo ba kada a tuna masa. Mu biyar muka yarda a tafi a haka.

A kan gonar ne aka yi dogon zama. Mun kai maganar kotun shari'a domin kada a bar wa 'ya'yanmu abin faɗa, alƙali ya turo muhuti, wato mataimakinsa, da dattawa uku da suka san farashin ƙasa da dabba, suka yi wa komai kima: gonar bakin fadama, da wata gona ta tudu da ta gada a wajen mahaifinta, da awaki da tumaki, da kayan ɗaki. Da aka haɗa sai gonar fadama ita kaɗai ta tashi a rabin dukiyar. Alƙali ya tambaye ni ko Inna ta taɓa fitar da gonar daga hannunta tun tana da lafiya, ta damƙa wa wani a matsayin mai kula. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara talatin duk abin da gonar ta bayar rumbun sadaka yake shiga, kowa ya sani." Ya ce ba amfanin gonar ya tambaya ba, gonar ya tambaya. Ya yi mana bayani cewa a mazhabar Malikiyya hubusi, wanda wasu ke kira waƙafi, ba ya cika sai mai shi ya sake shi daga hannunsa tun yana raye da lafiyarsa, kuma wanda aka furta a ciwon ajali hukuncinsa hukuncin wasiyya ne. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, wato kashi 1 cikin 3 na dukiya, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya kuma nuna masa cewa barin magada a wadace ya fi barin su suna roƙon mutane. Saboda haka kashi 2 cikin 3 na gonar ya tabbata na rumbu, ragowar kashi 1 kuwa na magada ne, sai wanda ya yafe nasa da bakinsa.

A nan zan tsaya in faɗa wa duk mai mahaifi ko mahaifiya da ke da irin wannan niyya: a yi tun ana tafiya da ƙafa. Da Inna ta kira shaidu shekara biyar kafin nan ta ce ta saki gonar, ta miƙa wa Liman ko waninsa, da babu mai cewa uffan a kan ko taƙi ɗaya.

'Yan'uwana mata uku suka yafe a take, ni ma na yafe. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai iya ba. Ambaliyar 2022 ta cinye masa shinkafa, yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha uku, ga bashin taki a kansa. Muka ce ya ɗauki ƙarin awaki daga rabonmu a madadin ƙasar, ya ce akuya tana mutuwa, ƙasa ba ta mutuwa. Ƙanwarmu ta fashe da kuka, ta faɗi maganar da daga baya sai da ta je ta ba shi haƙuri. Alƙali ya tsawatar, ya ce wanda ya karɓi abin da Allah ya ba shi bai yi laifi ba, kuma babu alheri a sadakar da aka ƙwata da kunya. A ranar raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma yau ina ganin alƙali ya fi mu gaskiya. Rabon namiji a cikinmu kashi 2 cikin 7 ne, sai nasa ya kama kashi 2 cikin 21 na gonar, wato ɗan ƙasa da ushirinta. Aka ja igiya ta gefen gabas aka yanka masa, yana noma wurin har yau, kuma idan mun haɗu a kan iyaka mukan gaisa mu yi maganar ruwa.

Jan igiyar ma sai da ya zo da tasa. Inna ta sayi gonar ne ba takarda, sai shaidu da goro, kamar yadda ake yi a lokacin. Da labari ya bazu, ɗaya daga cikin 'ya'yan wanda ya sayar ya zo wajen dagaci ya ce shi abin da ya ji, jingina ce ba sayarwa ba, kuma a shirye yake ya mayar da kuɗin. Cikin shaidu huɗu saura mutum ɗaya a raye, tsoho ne da idonsa ya tafi. Muka ɗauko shi a amalanke har gonar. Yana zaune ya faɗi kuɗin da aka biya da wanda ya ƙirga su, ya ce ya ji da kunnensa an ce "na sayar" an ce "na saya", sannan ya zayyana iyaka: daga aduwa zuwa suri, daga suri a bi layin gamba har bakin ruwa. Aka duba, aduwar tana nan, gambar tana nan, surin ne kawai ya baje amma gurbinsa bai ɓace ba. Mai da'awar ya ce ya gamsu. Ba mu bar wurin ba sai da muka kafa turakun siminti, domin tsohon ba zai zauna mana har abada ba.

Daga nan sai takardu. Dagaci ya rubuta wa hakimi, hakimi ya sa hannu, kotu ta ba mu takardar hukunci, na ɗauka na gama. Amma dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora ba da shaidar mallakar filin karkara a kan ƙaramar hukuma, kuma fom ɗin yana neman sunan mutum ko na ƙungiya mai rajista. Rumbu ba mutum ba ne, ba ƙungiya ba ne. Idan na sa sunana, ranar da na mutu 'ya'yana za su iske takarda tana cewa gonar ubansu ce. Sai da na yi zuwa uku kafin wani ma'aikaci ya nuna mini hanya: a yi wa 'yar ƙungiya rajista a sashen ci gaban al'umma, da tsarin mulki da shugaba da sakatare da ma'aji, sannan a rubuta gonar da sunanta, a liƙa hukuncin kotu a baya. Na zauna dare ɗaya na rubuta tsarin mulki shafi biyu. Na sa mai unguwa shugaba, ƙanin Liman ma'aji, ni sakatare. Ban sa mace ko ɗaya ba, kuma ko a raina ban ji cewa akwai abin da ya ɓace ba.

Daminar 2023 ta zo daidai da cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, komai ya tashi, takin zamani ya fi ƙarfinmu. Muka kwashe takin turken Inna da na gidana a amalanke, muka kira gayya ranar noman fari da ranar maimai, matan gidanmu suka yi fura da ɗanwake. Samari sun fito fiye da yadda na zata, da yawansu suna cewa ita ta yanke musu cibi. Da kaka muka sami abin da ya kai buhu 11 na gero, 4 na dawa, 2 na wake. Geron muka bar shi a daminsa muka jera a rumbu, domin a zangarniya ya fi daɗewa, waken kuma muka zuba a buhu mai leda saboda ƙwari. A wannan shekarar ban raba komai ba, kuma ban tambayi inda ɗan abin da Inna ta bari a rumbu ya tafi ba. Na dai buɗe na tarar da shi a share.

Da azumin 2024 ya kama, ga tsadar da ba mu taɓa gani ba, sai na ga lokaci ya yi. Na ce masu unguwanni su kawo sunayen mabuƙata, aka sami 50. Muka sussuke buhu 5, kowane buhu tiya 40, muka tara mutane a ƙofar gidan dagaci, ina kiran suna ana auna tiya huɗu-huɗu, mai iya sa hannu ya sa, wanda bai iya ba ya dangwala. Samari suka ɗauki hoto suka sa a Facebook, aka yi ta sa wa Inna albarka, na kwana da farin ciki. Goggo ba ta zo ba, Iya ma ba ta zo ba, na ɗauka azumi ne ya kwantar da su.

Bayan Sallah Goggo ta aiko in je. Ta bar ni na gama gaisuwa, sannan ta ce, "Ɗan nan, na ji ka yi rabo." Na ce na yi, Goggo. Ta ce, "Allah ya ba da lada. Amma ba shi ne abin da ake yi ba." Ta ce waɗanda suka zo matalauta ne, ba ta musa ba, sai dai wanda ya iya tsayawa a layi a kira sunansa ya iya roƙo, kuma wanda ya iya roƙo ba ya kwana da yunwa a garin nan. Ba ta ambaci sunan kowa ba, amma ta lissafa mini: akwai dattijon da a da shi yake fitar da zakkar shanu, yau ba shi da na koko, kuma zai gwammace ya mutu da ya tsaya a ƙofar dagaci. Akwai mai takaba da ba za ta fita ba sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Akwai wadda in mijinta ya ji an kira sunanta a bainar jama'a, a daren za ta kwana gidansu. Ta ce, "Duk waɗannan Innarku take ciyarwa, kuma a cikin hamsin ɗinka babu ko ɗaya."

Na tambaye ta yadda Inna take gane su, tunda ba sa faɗa. Ta ce ai ba a faɗa. Ungozoma da mai wankan gawa babu gidan da ba sa shiga, kuma Inna in ta shiga gida ba fuskar mutane take kallo ba, murhu take kallo, ta ga ko tokar ta yau ce ko ta shekaranjiya. Tana lura da gidan da aka kwana biyu ba a ji surfe ba, da yarinyar da ta daina fitowa talla saboda an cinye jarin, da yaran da suka fara zama a gidan maƙwabta daidai lokacin tuwo. Sannan ba ta aikawa da rana. Bayan lisha take ɗora wa yarinya ƙwarya a rufe da faifai, a ce, "Inna ta ce ga geron da ta ranta, a yi haƙuri ya daɗe." Kowa ya san ba a ranci komai ba, amma mai karɓa ya karɓa da mutuncinsa. Wata kuma takan kai mata dami biyu ta sussuka, ta biya ta ladan dami shida. Kuma ba da azumi take buɗe rumbu ba, domin da azumi masu hali suna tunawa da talaka. Tana jira sai tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, magidanci yana noma da cikinsa a ɗaure. A nan ne na fahimci inda hatsin bara ya tafi: Goggo da Iya ne suka fitar da shi ƙwarya ƙwarya ta bayan ɗaki, ina can ina bin takardu.

Na koma na sake tsarin mulkin. Noma da sussuka da lissafin abin da ya shiga suna hannunmu maza. Makullin rumbu kuwa yana hannun Goggo, kuma ba a fitar da ko tiya ɗaya sai biyu daga cikin mata huɗu sun yarda: ita, da Iya, da uwargidan Liman, da ungozomar da Inna ta koyar, wadda ita ce mai ƙuruciya a cikinsu kuma ita take shiga gidaje yanzu. Da na mayar da takardar ofis, ma'aikacin ya ce ƙa'ida ita ce a riƙa ajiye sunayen waɗanda suka amfana, domin ta haka ake kama mai cin amana. Ban ga laifinsa ba, don na san inda aka cinye irin wannan dukiya da sunan sirri. Muka tsaya a kan cewa littafin zai nuna rana da yawan tiya da alamar matan da suka yarda, Liman da ma'aji su auna abin da ya rage duk wata su gwada da littafi, sunayen kuwa Liman kaɗai zai ji su da baki sau ɗaya a shekara. Ko wannan zai ɗore bayan Goggo da Iya, waɗanda dukansu sun haura saba'in, shi ne abin da nake kwana da shi, kuma shi ya sa na roƙi ungozomar ta riƙa tafiya da 'yata ta biyu idan za ta shiga gidan jego.

A daminar 2024 buhu 12 da suka rage suka fita a cikin mako bakwai, ban ga fitar ko ɗaya ba. Abin da nake gani shi ne littafin, wanda 'yata take kawo mini duk Juma'a in duba: ranar kaza tiya 3, ranar kaza tiya 6, lambobi a jere babu suna, kamar takardun da muka tarar a adaka.

Ƙullin nan mai ƙyalle shuɗi ya shekara a wajena ana cigiya a ɓoye ta bakin Iya, babu wadda ta fito. Liman ya ce a yi sadaka da kuɗin a madadin mai su, da sharaɗin in ta bayyana ta zaɓa, ko ladan ko a biya ta. Na je Gujungu ranar Lahadi na auno gero da su, aka zuba a rumbu, na rubuta adadin a shafin ƙarshe na littafin, na sa hannu cewa biyan yana wuyana. Ƙyallen kuwa na wanke shi na naɗe a cikin shafin, kuma duk tsohuwar da ta zo gaisuwa daga wani gari, Goggo takan sa a ɗauko a nuna mata.